Gashin da Veluchamy Ya Yi wa Mai Dutse Alkawari

Duk wanda ya saba shiga bas daga Tirumangalam zuwa Madurai a shekarun baya ya san Veluchamy kwandasta, ko da bai san sunansa ba. Gashinsa aka sani. Baƙi wuluk, ya sha man kwakwa, an tayar da gaban ya yi tudu, ga mataji a aljihun riga kusa da usur. Mutum ne da sai ya leƙa madubin direba ya gyara tudun nan kafin ya miƙa wa tsohuwa hannu ta hau. Da bakinsa yake ba da labarin yanzu, yana shafa kai yana cewa, "Wawa aka samu aka ba gashi."

Shekarar da matarsa Ponnuthai ta haifi 'yarsu ɗaya tilo, Malarvizhi, bakwaini ta zo, ko kukan kirki ba ta iya yi. Veluchamy ya tsaya a barandar asibiti, ya fuskanci dutsen Tirupparankundram inda haikalin abin bautarsu Murugan yake, ya yi bakance: in 'yar nan ta rayu, zai je ya sauke gashin kansa kakaf a can.

Yarinya ta rayu. Gashi ma ya rayu.

Da farko ya ce a bari a yi bikin ƙanensa, za a ɗauki hoto. Da bazara ya ce rana za ta toya masa kai, da damina ya ce mura. Abin kunyar shi ne bas ɗinsa ta gindin dutsen nan take wucewa, sau takwas a rana. Fasinjoji su hango hasumiyar haikalin su haɗa hannu, shi kuwa ya juya baya ya hau wani bawan Allah da faɗa wai ya matsa ciki. A shekarar haihuwar ce kuma ya fara tara gashin baki, mai kauri, mai murɗaɗɗen baki biyu, wanda ya rufe leɓensa na sama ruf. Ya ce kwandasta marar gashin baki 'yan kwaleji raina shi suke yi.

Murugan bai aiko kowa ba. Gashin ne ya fara tafiya da ƙafarsa, kaɗan a matashi, kaɗan a mataji. Ponnuthai takan tsince shi tana cewa, "Mai dutse ya gaji da jira, ya fara aikowa a ɗebo masa." Kafin ya yi ritaya kai ya zama tal, sanƙo mai ɗaukar ido. Gashin bakin kaɗai ya rage, shi ya gaji matajin da man kwakwar.

Shekara ashirin da bakwai bayan bakancen, Malarvizhi ta dawo gida haihuwar fari, sai hawan jini ya kama ta, aka kwantar da ita a asibitin da aka haife ta. Ƙafafunta suka kumbura, ta daina dariya. Kwana shida ke nan, da sassafe Ponnuthai ta ajiye masa kofi a gabansa, ba ta zauna ba.

"Maigida, shekara da shekaru ina yi maka maganar nan da wasa. Yau ba wasa. Ka je."

"Da wane gashin?"

"Wannan tsakaninku ne kai da shi. Ni dai kada 'yata ta shiga ɗakin haihuwa da alkawarinka rataye a wuyanta."

Ya ɗaura farin zanensa irin na mazan garinsu, ya saɓa tawul, ya hau bas. Da aka iso gindin dutse, kwandasta ya busa usur, mutane suka sauka, Veluchamy ya yi zamansa. Tsoro yake ji, ba na aska ba, na ya je hannu rabbana a gaban wanda ya daɗe yana guje wa. Bas ta wuce da shi har cikin Madurai.

Ya yi ta zagaya titunan da suka kewaye babban haikalin Meenakshi kamar wanda ya zubar da wani abu, masu furen yasmin suna kiransa yana wucewa. Ya shiga tsohuwar fadar sarakuna ya zauna a gindin wani ginshiƙi, tattabaru suna kallonsa daga sama, har ɗaya ta yi masa abin da ta saba a tsakiyar kai. A ƙofar fadar wani mai tallar magani ya tare shi da kwalba.

"Yaya, wata uku kacal, in gashi bai fito ba ka zo ka tofa min yawu."

"Babu na kwana ɗaya?"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya mayar da kwalbarsa jaka. Nan Veluchamy ya ji kunyar kansa ta isa. Ya koma tasha.

Wajen sha ɗaya da rabi ya isa haikalin. Ya bar takalmansa da wayarsa wurin masu ajiya, ya bi layin rumfar aski. Jarirai na tsala ihu, mata na sunkuyar da kai ana sauke musu gashin da ya kai gadon baya, ƙasa duk ta yi baƙi. Da layi ya zo kansa, wanzamin, wani dattijo mai suna Karuppiah, ya yayyafa masa ruwa, ya juya kan hagu, ya juya shi dama, ya ɗago.

"Yaya, ai wani ya riga ni."

Rumfa ta kwashe da dariya. Veluchamy ya rage murya ya ba shi labarin, tun daga barandar asibiti. Karuppiah ya saurara yana wasa askarsa.

"To ba komai. In bi kan da aska sau biyu, ka yi wanka, ka shiga. Wa zai tambaye ka? Gashin bakin kuma in bar maka, ba kai kaɗai ke roƙon a bari ba."

Saura kaɗan ya ce to. Sai ya tuna kumburarrun ƙafafun Malarvizhi, ya ga ba zai iya kai abin da ba ya jin zafin rabuwa da shi ba, bayan duk shekarun nan. Ya taɓa murɗaɗɗen gashin nan sau ɗaya.

"Shi za ka ɗauke. Shi kaɗai nake da."

Bugu huɗu aska ta yi. Ya ji iska a wurin da ya manta da ita. Ya yi wanka, aka shafe masa kai da kwaɓin garin itacen sandal mai ruwan ɗorawa, ya hau matakalan zuwa can cikin dutse inda duhu da ƙamshin fitilun mai suke. Ya shirya dogon ban haƙuri tun a bas. Da ya tsaya gaban Murugan, abin da ya fito kawai shi ne, "Na makara."

Da ya karɓi wayarsa, wadda ya rufe wa murya tun safe, sai ya ga kira goma sha ɗaya, duk daga Ponnuthai. Tsoron abin da zai ji ya hana shi kiranta. Ya rufe baki da tawul ya hau bas, rabin awar nan ta fi masa shekarun aikinsa tsawo.

A barandar asibiti ya same ta, tana kwasar kwanukan abinci.

"Ina ka shiga? An sauka lafiya. Mace. Tun goma da kwata."

Ya jingina da bango. Sannan ya tuna inda yake da goma da kwata: ƙofar fada, yana tambayar maganin kwana ɗaya.

"Wato gashin bakina a banza ya tafi?" ya ce ta cikin tawul.

"Na waccan haihuwar ka je cikawa, ba wannan ba. Wuce ciki."

Malarvizhi na kwance, ta yi fari, jaririya a gefenta. Ta dubi kansa mai ruwan ɗorawa, ta dubi tawul.

"Appa, cire mana mu gani," ta ce da ubanta.

"Mura nake yi."

"Appa."

Ya cire. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, har nas ta leƙo ta yi musu tsawa. Sai dariyar ta tsaya a hankali, ta ƙura wa fuskarsa ido. Yana kallon jaririyar, leɓensa na sama yana ta kaɗawa, ya kasa tsayar da shi.

"Ban taɓa ganin bakinka ba," in ji ta. "Ashe haka yake rawa? Tun yaushe?"

Ya buɗe baki zai kawo zancen 'yan kwaleji, Ponnuthai ta riga shi daga bakin ƙofa.

"Tun ranar da aka haife ki. Kina tsammani don me ya tara gashin?"