Ranar da Na Saki Birki

Jiya na ji warin man birki a tasha, sai marigayi ubangidana ya faɗo mini a rai. Shekarar 'yancin kai ce, muna fitar da iska daga birkin tsohuwar a-kori-kurarsa, albasar mutanen Amarawa da muka ɗauko tana laushi a rana. Yana kwance ƙarƙashin mota, ni ina taka birki.

"Riƙe, kada ka saki sai na ce."

Wata mai fura ta gitta, na leƙa kallonta, na saki. Iska ta koma.

Ya fito, gemu duk mai. "Mi ya faru?"

"Baba, ƙafata ce ta sage."

Ya yi ajiyar zuciya, ya koma muka sake tun daga tayar farko. Har ya rasu ban faɗa masa gaskiya ba. Allah ya hutar da shi, ya yafe mini.