Kujerar Hajjo Mai Awara

Shekara ashirin Hajjo tana tuya awara a Magama, bakin iyakar Jibiya da Nijar, kuma shekara ashirin tana zaman bayan zana. Haka ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta gada: maza cikin rumfa, mata a waje kan tabarma, mai magana ta faɗa wa ɗan aikenmu Lado ya shigar. Shi kuwa Lado, Allah ya shirye shi, in aka ba shi magana buhu guda, kafin ya zagayo zana ta koma mudu.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da mijinta Ya'u. Dangi suka haɗa hannu, ta raka shi Indiya jinya. A can wata nas ta nuna mata hoton mahaifiyarta a waya: tsohuwa ce kan kujera, maza kewaye da ita. Tafinta ya ce ita aka zaɓa shugabar ƙauyensu. Da fari mijinta ke magana a madadinta, har ranar da ta ce ya huta.

"Ta yi boko?" in ji Hajjo.

"Sunanta ma da ƙyar take rubutawa."

Ya'u ya sami sauƙi suka dawo. Bara aka tashi mayar da rumfunan mata bayan tasha don manyan motoci su sami wurin tsayawa. Wurin nan ko akuya ba ta bi, mata talatin kuwa da layin rumfunan nan suke ci da 'ya'yansu.

Ranar taro Hajjo ta ɗauko kujerar tuyarta, 'yar tsugunno, baƙa ƙirin da hayaƙi, ta yi sallama ta shigo rumfa. Ina ciki, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushi.

Alhaji Manu, shugabanmu, ya ce, "Hajiya, ga Lado nan."

"Allah ya ƙara girma, Alhaji. Man tuya bai taɓa ƙona Lado ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi." Ta zauna. "Direba ya san inda muke, ko ina ya ajiye mota zai tako. Fasinjan Maraɗi minti biyar gare shi. Mota ke da taya, kasko ba shi da ita."

Wallahi kowa ya yarda da maganarta, har ni mai haushin. Motoci suka koma bayan tasha, rumfuna na nan inda suke.

A taro na gaba kujeru huɗu suka shigo. Ta huɗun na gane ta tun daga nesa: daga madafin gidana ta fito.