Goron da Aka Mayar

Duk wanda ya taɓa sayen goro a bakin titin Banikanni, cikin Parakou, ya san Hajiya Zinariya. Doguwa ce siririya, haƙoranta ja wur, bakinta kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. In ka kuskura ka latsa mata goro da farce, sai ta ɗago kai ta tambaye ka ko tumatir ka zo saye. Amma fa ko su waye suka yi faɗa a layin, a gaban farantinta ake sasantawa.

Aure ne ya kawo ta Parakou. A Djougou aka haife ta, gidan Alhaji Abdulbaƙi, jikan fataken nan da suke ɗauko goro daga Gwanja a kan jakuna. Ayari ya mutu tun tuni, amma gidan bai daina zama masauki ba. Fulanin da ke zuwa kasuwa a nan suke ajiye ƙorensu, manoman doya na ƙauyuka a nan suke jingine kekunansu. Ranar da aka haife ta uwarta ta kwanta ciwo, sai wata Bafulatana mai sauka a gidan, Inno, ta ɗauke ta ta haɗa da ɗanta Saley a ƙirji guda. Har suka yi furfura Saley bai daina kiranta ɓarauniyar nono ba, ita kuma ta ce masa ɗan daji, in ya shigo gari ya riƙa kallon gabansa kada mota ta kwashe shi.

A gidan akwai wani aiki da mai masauki ba ya ɗora wa kowa. In shanun baƙonsa suka yi ɓarna a gona, shi da kansa zai naɗe goro a ɗanyen ganye, ya taka har ƙofar mai gonar, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa. Ba tabarma, ba ruwa, ba tashi, sai mai gona ya ɓara goron ya kai baki. Daga nan a yi maganar abin da aka lalata. In kuwa mai gona ya mayar da goron ba a ɓara ba, to ya ce zuciyarsa ba ta sauka ba, sai a koma da dattawa, a sake zama. Zinariya ta sha ganin ubanta ya dawo babbar rigarsa duk jar ƙasa, yana cewa, "Ba doyar ce ke sa mutum ya ɗauki bindiga ba. Rainin ne."

Alhaji ya rasu, 'ya'yansa maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, gida ya faɗo hannun jikansa Saifullahi, mai sayar da kayan babur. Yaron kirki ne, wallahi, sai dai kullum waya na manne a kunnensa.

Wata safiya, ƙarshen damina, ya kira ta su gaisa. Har za su yi sallama ya ce, "Af, Gwaggo, kwanaki shanun Kawu Saley sun faɗa gonar Baba Sabi, tsohon nan mai doya. Amma na gama da maganar."

"Ka je?"

"Shago ya cika, Gwaggo. Na ba mai zemijan, ɗan acaɓa, goro a leda ya kai masa, na kuma tura masa saƙon murya."

Zinariya ta ajiye goron da take yayyafa wa ruwa. Goron ban haƙuri a leda? A bayan babur ɗin haya, kamar kifin miya?

"To, ya karɓa?"

Saifullahi ya yi dariya. "Tsohon ma ya dawo mana da shi, ko taɓawa bai yi ba. Ina jin haƙoransa ne suka ƙare. Muka raba a shago muka ci."

"Kuka me?"

"Muka ci, Gwaggo. Goro ne mai kyau."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ihun da ta yi sai da masu walda na tsallaken titi suka kashe injinsu. Mutum ya ce muku ransa a ɓace yake, ku kuma ku tauna maganarsa ku tofar? Ai ko zagin uwa bai kai wannan ba. Ba ta ko rufe faranti ba. Ta zaɓi manyan fararen goro, ta naɗe a ganye, ta ɗaure a bakin mayafi, ta nufi tashar Djougou da silifas ɗin wanka a ƙafarta. Duk tsawon hanya Saley kawai take gani, da ƙafarsa mai ɗingishi, wadda ba za ta iya gudu ba.

Abin da ta tarar ya fi abin da ta ji tsoro. Ranar kasuwa ce, amma rumfar masu nono wayam, ko ƙwarya ɗaya babu. Wata mai ƙosai ta rage murya ta ba ta labari. Bayan an mayar da goro, ƙauye ya zauna jiran dattawa, ba wanda ya zo. Mai zemijan kuma ya koma yana ba da labarin yadda aka cinye goron ana dariya. Sai aka wayi gari an sassare wata saniya. Sai rumbun wani ya kama wuta. Yanzu kowace waya da irin saƙon da ke yawo a cikinta, wannan ya ce an ga baƙin fuska a ruga, wancan ya ce manoma sun zuba guba a mashaya, kuma ba wanda ya gani da idonsa. Samarin ƙauye sun ciro bindigogin farautar kakanninsu suna gogewa.

"Kuma duk garin nan ba wanda ya taka?" in ji Zinariya. "Limamai? Masu unguwa?"

"Kowa ya ɗauka gidanku na kan maganar, Hajiya."

Ko gidan ba ta shiga ba. Ta hau babur har bakin ƙauyen, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, don ba a isa ƙofar mai gona a kan abin hawa. Ta tuɓe silifas, ta zauna a rana, ta kwance ganyen ta tura gabanta.

Baba Sabi ya fito ya tsaya a kanta. Tsoho ne gajere, hannuwansa duk kanta.

"'Yar Abdulbaƙi," ya ce, "sai yau?"

"Sai yau, Baba. Mun yi laifi."

"Doyar da na binne da hannuna suka tattake, ban yi kuka ba. Shanu ba su da hankali. Amma ubanki ya zauna a nan inda kike, saboda kunya biyu ta gyaɗa. Ni kuma aka aiko mini leda."

"Yaro ne, bai sani ba. Mu da muka sani ba mu koya masa ba. Ga ni, ba zan tashi ba."

Rana ta dake ta har gumi ya jiƙa mayafin. Mata suka leƙo ta katanga. Can tsohon ya yi ajiyar zuciya, ya durƙusa, ya ɗauki goro ɗaya ya ɓara, ya kai baki. Zinariya ta ce alhamdulillahi, ta dafa ƙasa za ta miƙe.

Sai ƙarar bindiga ta taso daga wajen rafi. Ɗaya tak.

Baba Sabi ya daskare, goro a bakinsa. "Yarana," ya ce. "Tun safe suka tafi tsaron hanya."

Yadda tsofaffin nan biyu suka kai rafi, ita kanta ba ta sani ba. Samari na tsaye cirko-cirko, ƙaramin ɗan Baba Sabi ya yar da bindiga ya ɗora hannu a ka. A bakin ruwa Saley ne kwance, rigarsa ta zuwa kasuwa a jikinsa, ba takobi, ba ko sanda. Ya gaji da jiran mai masauki, ya taso da ɗingishinsa zai ba da haƙuri da bakinsa. Yaron ya hango Bafulatani na tahowa, tsoro ya kama shi, ya danna.

Zinariya ta buɗe baki, kuka ya ƙi fitowa. Ta durƙusa ta rufe masa ido. Baba Sabi ya kama ɗansa da hannunsa ya ce a kai shi komisariya, wajen 'yan sanda, sannan ya juyo gare ta.

"Na ci goronki, 'yar Abdulbaƙi. Yanzu mu ma baƙin gidanku ne. In 'ya'yansa suka zo, ƙauyen nan ba zai kwana ba."

Ta dube shi kamar ta shaƙe shi. Ita za ta je ta roƙa wa waɗanda suka kashe ɗan'uwanta? Amma gaskiya ya faɗa, kuma ba wani mai zuwa.

Ta bi gawar har ruga. Samari sun riga sun taru da takubba, wani na riƙe da bindigar da ba ta farauta ba ce. Usaini, babban ɗan Saley, yana tsakiyarsu, idonsa jajir. Zinariya ta wuce matan da ke kururuwa, ta zauna a ƙasa a gabansa, ta kwance sauran goron.

"Gwaggo," ya ce, "ke? Ke za ki kawo mini goronsu?"

"Nawa ne. Wanda ya harba yana hannun hukuma. In kuka shiga ƙauyen nan, gobe su zo nan, jibi ku koma, har a rasa mai binne wani. Nono ɗaya muka sha da wanda ke kwance can, Usaini. Tun ɗazu nake son in yi kukansa, kuma ba ni da ikon yi sai ka sallame ni."

Ba wanda ya motsa. Usaini ya kalli gawar ubansa, ya kalli ƙafafunta da ƙaya ta farfasa. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi takobin, ya tsuguna, ya ɗauki goron.

Sai da ta ji ƙarar ɓarawar, sannan Zinariya ta kifa fuskarta a ƙasa ta kurma ihu, tana kiran sunan Saley.