Tafin Hannun Hikima

Da asuba 'yata Hikima ta riga ni tashi, kamar kullum. Na same ta durƙushe gaban keji, ta shimfiɗa tafin hannunta a ciki da ƙwayar gyaɗa a kai. Da hantsi ta kwaɓa lalle. Bayan azahar ta tafi unguwar Waziriyya yi wa wata amarya zane. Da la'asar ta dawo tana cewa ƙafafunta na sara, kafin magariba ciwon ya hau ƙirji. Washegari ta cika a asibiti. Da sikila aka haife ta, shekara ashirin da uku da suka wuce.

A unguwar Kurayyat, nan ƙasar Larabawa, na haifi Hikima. Matsalar iƙama, takardar izinin zama, ta hana ta jami'a, sai ta koyi lalle, har mata suna nemanta daga unguwanni masu nisa. Hausarta rabi Larabci ce. Ba ta da gaggawa a komai; amare ma sukan yi mata ƙorafin haka, har sai sun ga hannuwansu.

Wata da ta yi wa zane ce ta ba ta hamsta, ɗan abu mai kama da ɓera, sai dai guntun wutsiya. Ta sa masa suna Fustuƙ. Ni tun ina yarinya nake tsoron ɓera, ban taɓa kusantar kejin ba. Takan yi mini dariya, ta ce ai shi ya fi ni tsoro, don duk abin da ya zo masa ta sama shirwa ce a wurinsa. Shi ya sa ba ta cafkarsa. Ta ajiye hannu, ta jira ya shinshina. Ya sha cizonta kafin ya yarda ya hau.

Da zaman makoki mata suka cika gidan. Aka ƙure mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, saboda zafi, aka tura kejin ƙarƙashinsa don a sami wurin zama. Ban tuna da shi ba sai da aka watse bayan addu'ar uku. Na tarar da shi a dunƙule, ba motsi. Mastura, ƙanwar maigidana, ta taɓa shi da cokali.

"Halas, Yaya, ya bi ta. Bari in kawo leda."

Abu guda mai rai Hikima ta bar mini, ni kuma na manta da shi. Sai na tuna ta taɓa ce mini idan sanyi ya yi masa yawa yakan sandare kamar gawa, sai a ɗumama shi a hankali a hannu. Na ce wa Mastura ta kashe mukayyif.

Ina wurin da aka yi wa Hikima wanka, hannuwana sun san irin wannan sanyin, kuma ba na son in sake jinsa. Na ɗauko mayafinta da ke rataye bayan ƙofa, na naɗe hannu, na tallabo shi ta ƙasa. Na zauna, ban san wanne na fi tsoro ba, ya motsa ko kada ya motsa. Can gashin bakinsa ya girgiza. Da ya dawo hayyacinsa ya cije ni ta cikin mayafin. Ban janye ba.

Kayan lallenta na ba ƙawarta mai suna Bayan. Abayoyinta da takalma aka wanke, aka yi sadaka da su a unguwar Khumra. Mayafin kaɗai na hana a wanke. Da shi nake naɗe hannu kowace asuba, in shimfiɗa a cikin keji, in jira.