Mintuna Ashirin Kafin a Kunna Bututun

Wata rana, a wata cibiyar bincike, wata injiniya mai suna Rabi'atu ta zauna ta ƙura wa takardar lissafinta ido.

Wata bakwai ta yi tana zana wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsa ba. Bindiga suke ce masa. Aikinsa ya harba ƙwayoyin lantarki a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, ƙarfin maganaɗisu ya gitta musu, ya lanƙwasa su su bi hanya.

An ƙera shi. An rufe bututun. Ƙarfe goma za a kunna.

Goma saura minti ashirin ta ga abin.

Alama ɗaya ta juya a lissafi. Yadda aka ɗaura maganaɗisun bisa zanenta, wutar lantarkin ba za ta bi hanya ba, bangon bututun za ta daka ta ƙone shi.

Ba wanda ya sani sai ita.

Zuciya ta ce mata ta yi shiru. Ai gwajin farko ya saba lalacewa, za a ɗora wa ƙarfen laifi. In kuwa ta yi magana, a gaban mutum tara za ta ce ita ce. Ita kaɗai ce mace a cikinsu, kuma ta san akwai masu jiran wannan ranar.

Sau biyu tana miƙewa tana komawa.

A na uku ta isa wurin shugabansu, wani dattijon farfesa marar yawan fara'a.

"Malam, a dakata. Kuskure na yi, maganaɗisun a juye yake."

Ya daɗe yana duba takardar. Sannan ya ɗago.

"Yanzu aikin awa ɗaya ne. Da kin bari an kunna, aikin shekara ne."

Bai yabe ta ba. Ya sa ta tsaya gaban allo ta yi wa kowa bayani. Wani ya yi ƙaramar dariya, ta ji shi sarai.

Aka juya maganaɗisun. Bayan azahar aka kunna.

Bututun ya yi aiki.

Darasi: Kuskuren da ka faɗa da bakinka yau gyara yake nema. Wanda ka ɓoye, gobe ɓarna zai zama, har ya shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Tura wa wanda ka san yana riƙe da wata magana a ciki, tun ba a kunna ba.