Goron da Inna Ta Ɓara

Ko yau in maƙwabcina ya tayar da janareta, warin fetur ɗin nan ya shigo mini ta taga, sai in gan ni a ɗakin Baffa ƙarami, a matse a kan tabarma, ƙafata ta yi tsami amma na ƙi motsawa. Bari in ba ka labarin, don ni har yanzu ban gama mamakinsa ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Dawakin Tofa, inda gona take manne da gona, in ka yi tari a taka maƙwabci ya ce maka sannu. A shekarun fari ne Buzaye suka gangaro daga arewa da ɗan abin da ya rage musu na dabbobi, mai gari ya ba su fili a bayan gari, wajen ɗorayi. Sahu ɗaya muke bi da su ranar Juma'a, amma da an fito masallaci shi ke nan. Yau rigimar layi a bakin rijiya, gobe akuyarsu ta shiga waken wani. Samarinmu kuwa ba sa son ko ganin rawaninsu a dandali.

To, a cikin wannan ne Goggo, autar su babana, ta ga wani dogon saurayin Buzaye, shi ma ya gan ta. Manyansa suka zo da ƙunshin goro a cikin ganye, suka durƙusa a zauren kakana, wanda kowa ke kira Malam. A garinmu in aka kwance goron nema aka ci, an amsa ke nan. In aka mayar da shi a ɗaure, an ƙi. Malam bai kwance ba. Ya ce ba a san asalinsu ba, a ba kakata Inna ta ajiye kada ya bushe, bayan Juma'a a mayar musu da abinsu. Goggo ta daina cin abinci. 'Yan'uwan babana suka shiga gyaran gorunan faɗa a bayan rumbu, suna rantsuwa in yaron ya sake bi ta ƙofar gidanmu sai an kwashe shi a kan ƙyaure.

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, tsakar gida duk ƙaiƙayi. Sai ga Baffa ƙarami, ƙanin babana da ke karatu a Kano, ya sauko daga mota da talabijin da bidiyo da janareta, duk na aro, da kaset guda ɗaya tak. Malam ya ce mata da yara su kalla bayan la'asar, amma a kashe kafin magariba. Inna ta ce ita me za ta gani a akwatin aljanu? Sai ga ta ta riga kowa zama, da carbinta a hannu.

Aka rataye bargo a taga. Wayyo, jama'a! Ni da ban taɓa ganin bene ba, sai ga gidaje sun hau kan juna har sama ta ƙare. Samarin Turawa kashi biyu ne, 'yan gari da baƙin da suka zo daga wata ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai, ana cikin harara sai kiɗa ya tashi, ƙatti su yi tsalle su juya a iska kamar mazari, su dire tare ba wanda ya taka wani. Wata yarinyar baƙin ta buɗe baki ta ja waƙa. Ban san kalma ko ɗaya ba, amma na san wa take yi wa: wani ɗan gari da ya tsaya yana kallonta kamar an dasa shi.

Baffa yana ta fassara, har Inna ta ɗaga masa hannu. "Yi shiru, ɗan nan. Wannan ba sai an fassara ba."

Daga nan rawa ta koma faɗa, faɗa ya koma jini. Ƙarshenta saurayin yana kwance a titi, yarinyar ta rungume kansa. Rubutun ƙarshen fim ya fara hawa. Ba ka jin komai sai kukan janareta da shessheƙar Goggo a bayan ƙofa.

"Shi ke nan? Ba zai tashi ba?" in ji Inna.

"Ba zai tashi ba, Inna."

"To su manyansu suna ina aka yi wannan?"

Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta nufi ɗakinta, muka bi ta a baya. Ta fito da ƙunshin nan, ta zauna a tsakar gida, ta sa wuƙa ta yanke igiyar. Mata suka dafe ƙirji, uwata har da salati. Inna da haƙoranta suka ƙare, kullum sai an goga mata goro a magogi, ranar nan ta zaɓi fari ta ɓara, ta kai gefen baki ta gatsa. Sannan ta cika mana hannu, mu jikoki.

"Gida-gida za ku bi. Ku ce goron autata ne."

Na fita da gudu. Kafin in dawo Malam ya shigo daga zaure, yana tsaye a kanta. Ban taɓa ganin mace ta ɗaga ido ta dubi Malam ba sai ranar.

"Wa ya kwance?"

"Ni ce, Malam. Na ga ɗan mutane kwance, 'yar mutane a kansa, kuma ba zan zauna in gan shi a ƙofar gidan nan ba. Duk hukuncin da za ka yi, ni za ka yi wa. Amma goro ya shiga gari."

Malam ya dubi Goggo, wadda ta rame har wuyanta ya fito, ya dubi bayan rumbu inda gorunan suke jingine. Ni dai na sallama yau Inna za ta tafi gidansu da tsufanta. Sai na ga ya miƙa hannu.

"Ba ni rabin."

Ya tauna a tsaye, ya fita alwala. Washegari ya sa samarin suka kawo gorunansu, aka kafa su a darnin awaki. An ɗaura aure kafin a kai dawa rumbu. Ba zan ce maka an daina rigimar rijiya ba, an ci gaba da yi, amma yanzu da surukai ake yinta.

Yau in ka je garinmu ba za ka gane inda unguwarsu ta fara ba, gidaje sun haɗe, jikokin Goggo suna yi wa kakansu dariyar Hausarsa. Yara kowa da wayarsa, ya kalli fim goma a rana ya tashi ya yi hamma. Ni kuwa guda ɗaya na gani ya tayar da tsohuwa tsaye.

Ranar da Inna ta rasu, mijin Goggo ne ya fara isa maƙabarta. Babana ya ce mini duk wanda ya miƙa hannu zai karɓe shi haƙa, sai ya girgiza kai. Shi kaɗai ya haƙa har ya gama, furfurarsa duk ƙasa. Da aka ce ya fito ya huta, ai 'ya'yanta suna nan, sai ya ce, "Ku ta haife ku ne kawai. Ni zaɓa ta ta yi."