Abla Widad, Wadda Ta Ƙi Canza Mana Ƙarshen Labari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Abla Widad Shalabi, wato Malama Widad, a gidanta da ke nan garin Rashid na ƙasar Masar, tana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar wata bakwai. Ina ɗakin karatu na makarantarmu ina mayar da littattafai kan kanta sa'ad da 'yarta Salwa ta kira ni. Ko sallama ba ta iya yi ba. "Rihab, Mama ta tafi," abin da ta ce ke nan, sai kuka ya ƙwace mata. Aka yi mata sallah bayan la'asar, aka kai ta kusa da mijinta.

Abla, ban taɓa zama a ajinki ba. Shekarar da na shiga sakandaren 'yan mata ita ce shekarar da kika ajiye alli, bayan shekara talatin da biyar kina koyar da tarihi. Waɗanda suka riga ni sun ce ba ki taɓa ɗaga wa ɗaliba murya ba, amma idan kika cire tabarau kika dubi yarinya, sai ta gwammace a zane ta. Ni ta littafinki na san ki, kuma da faɗa muka fara.

Littafi ɗaya tal kika rubuta a rayuwarki, Wanda Ya Nuna Hanya. Kin ce kin gaji da ganin yara suna hamma duk sa'ad da aka zo kan shekarar da sojojin Ingila suka shigo garinmu aka kore su, shi ya sa kika ƙirƙiro musu Badriyya, 'yar shekara sha huɗu, 'yar masassaƙin jirgin ruwa. An kama ubanta bisa zargin shi ya nuna wa abokan gaba hanyar shiga gari, alƙali ya ba da kwana tara kafin a yanke hukunci, ita kuwa ta shiga lungu da saƙo tana neman wanda ya yi. A gefenta akwai yayanta Mansur, mai barkwanci, mai goya ta idan ta gaji, mai ba ta rabin burodinsa ya ce ya ƙoshi. Babu yarinyar da ta karanta littafin nan ba ta so a ce Mansur yayanta ne ba, wasu kuma abin da suke so ya wuce nan. Kwafi uku ne a duk ajinmu, muna karɓa-karɓa, kowa kwana biyu. Wadda ta gama sai a sa ta rantse ba za ta faɗi ƙarshen ba. To amma me za a ɓoye? Duk wadda ta dawo da shi idanunta a kumbure suke.

A babi na sha tara kika bayyana cewa Mansur ne. Kuma ba wuƙa aka sa masa a wuya ba. Alkawari aka yi masa na wuri a jirginsu, domin ya gaji da zama a garin da ya san abin da zai zama tun daga ranar haihuwarsa har ranar mutuwarsa.

Gari ya ɗauka. 'Yan mata sun rubuto miki cewa ki sake ƙarshen, ki ɗora wa mai sayar da gishiri laifin, ai dama fuskarsa ta marasa gaskiya ce. Wata uwa ta tare ki a kasuwar kifi ta ce 'yarta kwana biyu ba ta ci abinci ba, Allah Ya isa. Samari suka ce littafin mata ne, amma kwafin ɗakin karatunsu sai da bangonsa ya fita. Wani yaro daga Damanhur ya rubuta a intanet cewa littafin bai yi ba, shi tun a shafi na arba'in ya gane mai laifin. Salwa ta so ta ɓoye miki, kika ce ta rubuta masa: "Ɗana, a wane layi na yi sakaci? Nuna mini, ka taimaki tsohuwa." Ya nuna miki kuwa, kika ce yana da gaskiya, kika yi kwana uku kina ba kowa labarinsa kamar ɗanki ne ya ci jarrabawa.

Ba na manta Usta Sabri, tsohon masassaƙin jirgi, wanda jikarsa ta karanta masa littafin a bakin aiki. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya zo har ƙofarki. "Abla, labari dai ya yi daɗi, Allah Ya saka da alheri. Amma wa ya gaya miki da itacen turare ake jirgi a wancan zamani? Kakana da bagaruwa ya yi, kakansa ma haka. Kin sa uban yarinyar nan ya zama ɗan koyo!" Kika ba shi kujera, kika kawo shayi da takarda, kika zauna gabansa kamar ɗaliba har aka kira azahar. A bugu na biyu an gyara, da sunansa a shafin godiya. Har ya rasu littafin yana rataye a rumfarsa, a buɗe a wannan shafi, shi da bai iya karanta ko sunan nasa ba.

Nawa fushin ya bambanta da na sauran, kuma ke kaɗai kika gane haka.

Wata takwas kafin littafin ya zo hannuna, yayana Haisam ya ɗauki awarwaron zinaren Mama guda huɗu, waɗanda take ajiye da su tun aurenta, ya sayar, ya biya masu tsallakar da mutane teku. Bai yi wa kowa sallama ba. Kwana goma sha ɗaya ba mu san yana raye ko ya nutse ba, sannan ya kira daga Italiya. Baba ya ce kada a sake ambaton sunansa a gidan. Mama takan ɗauki wayarsa a ɓoye a kicin, ta miƙo mini, in juya baya in fita. Shi ne ya koya mini iyo, shi ne yake raka ni makaranta, kuma ya tafi bai ko dube ni ba. Na rantse ba zan ƙara jin muryarsa ba.

Da na kai babi na sha tara sai na ji kamar asirin gidanmu kika tona. Na kama sauran shafukan na yage su, ban karanta ba, na jefa a kogi. Sannan na rubuta miki wasiƙa. Ina jin kunyarta har yau. Na ce ke muguwa ce, kin sa mun so shi da gangan don ki ji daɗin karya mana zuciya, kuma mace irinki ba ta san abin da ake kira ɗan'uwa ba. Na sa sunana da sunan unguwarmu, don ki san ba tsoronki nake ji ba.

Bayan kwana huɗu, da la'asar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ta buɗe ta gan ki tsaye, kina haki saboda benenmu hawa uku ne, da jaka a hannu. Ta rikice, ta shiga neman kofin baƙi. Kika ce, "Ummu Haisam, kada ki wahalar da kanki. Wurin mai wasiƙa na zo." Mama ba ta san da wata wasiƙa ba. Ta dube ni, na so ƙasa ta tsage.

Kika zauna a bakin gadona kika ce, "'Yata, wasiƙa arba'in da wani abu na samu, duk Mansur suke wa kuka. Ke kaɗai ba shi kike wa ba. Wa ya tafi?"

Kika jira. Ba ki da gaggawa, Abla, wannan kowa ya san ki da shi. Da na buɗe baki sai komai ya zubo, har abin da ban taɓa gaya wa Mama ba. Ba ki ce in yi haƙuri ba, ba ki ce ai ɗan'uwa ɗan'uwa ne ba. Tambaya kika yi: "Kin karanta har ƙarshe?"

Na ce na yage.

"Littafin makaranta kika yage? To, wannan tsakaninki da mai ɗakin karatu ne, ba ruwana." Kika zaro sabon kwafi daga jaka. "Ba zan canza ƙarshen ba, ko duk Rashid za ta daina gaishe ni. Shi ya yi. Amma ki karanta babi biyun da suka rage, sannan in kina so ki sake zagina, ki zo gida ki yi, akwai shayi."

Na karanta a ranar. Badriyya ta je gaban alƙali ta faɗi gaskiya, aka saki ubanta, aka ɗaure yayanta. Washegari ta ɗaura burodi a ƙyalle ta tafi inda yake tsare. Ya ce mata, "Kin zo ki zage ni?" Ta ce, "Yau burodi na kawo. Zagin yana nan, gobe zan zo da shi." Nan littafin ya ƙare.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Haisam ya kira, Mama ta miƙo mini wayar kamar kullum ba tare da ta sa rai ba, na karɓa. Na zage shi tas, yana dariya yana kuka. Daga nan kowace Juma'a sai mun yi magana. Na san ɗakin da yake kwana da mutum biyar, na san sanyin da ke fasa masa hannu, na san yana tara abin da zai saya wa Mama awarwaronta. Shekara biyu da wata uku muka yi a haka. Sannan ya faɗo daga saman ginin da yake aiki, ya rasu kafin a kai shi asibiti. Yana da shekara ashirin da huɗu.

Abla, shekara biyu da wata ukun nan ke kika ba ni su. Da ba ki hau benen nan ba, da Haisam ya mutu ina gaba da shi, kuma ban san yadda zan ɗauki wannan ba har ƙarshen raina. Baba bai karɓi wayar ba ko sau ɗaya, na kuwa ga abin da hakan ya mayar da shi. Ranar da aka kawo gawar kina cikin waɗanda suka fara zuwa. Kika zauna kusa da Mama tun safe har magariba, kina riƙe da hannunta.

Sai daga baya Salwa ta gaya mini cewa kina da ƙane wanda ya tafi Iraƙi neman aiki kuna cikin saɓani, bai dawo ba, ba a kuma san kabarinsa ba. Ke ba ki taɓa faɗa mini ba. Kin bar ni da maganata cewa ba ki san ɗan'uwa ba, kika haɗiye ta, kika kawo mini littafi.

An sha roƙonki ki rubuta na biyu. Kikan ce labari ɗaya gare ki, kuma kin faɗe shi. Abin da ba ki gaji da shi ba shi ne jin abin da yara suka ce. Da na gama karatu na karɓi ɗakin karatun makarantar da na yage wa littafi, sai ya zama al'adarmu duk shekara in sa 'yan aji ɗaya su karanta, kowace ta rubuta ra'ayinta a takarda, in kawo miki. Masu yabo kikan ajiye su gefe ki ce, "Wannan maki take nema." Masu faɗa su kike sa in maimaita miki.

Zuwana na ƙarshe ranar Asabar ne. Kin rame har zobenki ya koma babban yatsa, muryarki sai na sunkuya nake ji. Na zo da niyyar in roƙe ki gafarar wasiƙar nan, domin shekara goma sha uku ina ɗagawa. Kafin in fara kika ce, "'Yan bana sun gama?" Na ce saura kaɗan. Kika ce, "Ki kawo mini ran Alhamis. Kada ki tace, na san halinki." Sai barci ya ɗauke ki, na fita a hankali, na ce a raina ran Alhamis na haɗa duka biyun.

Takardun suna cikin jakata, guda ashirin da shida. Ta sama ta wata ce mai suna Tasnim, 'yar shekara sha biyar, wadda ba ta cika magana a aji ba. Layi biyu ta rubuta: "Abla Rihab, ki gaya wa mai littafin nan ina jin haushinta ƙwarai. Kuma ki tambaye ta ko zan iya zuwa in gan ta." Jiya ta tare ni a ƙofa tana tambaya ko na isar. Ban iya ba ta amsa a tsaye ba. Na ja ta ciki, na zaunar da ita, na gaya mata.

Ya Allah, ga baiwarKa Widad ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta da haske, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka saka mata da alheri a kan kowace yarinya da ta koyar, da kowane zumunci da ta ɗinke ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Ka sada ta da mijinta Ustaz Fikri da ƙanenta a Aljannar Firdausi. Ka jiƙan Haisam da Usta Sabri da dukkan waɗanda suka riga mu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta Salwa, wadda ta bar aikinta a Iskandariyya ta yi wata bakwai a gefen gadon mahaifiyarta, da ɗan marigayiyar Injiniya Tariƙ, da yayarta Hajiya Karima, da jikokinta biyar. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsare bayanta. Mu kuma da muka yi fushi da ita muna yara, muka girma muna ƙaunarta, Allah Ya ba mu dangana, Ya sa ta yafe mana abin da ba mu samu damar roƙa ba. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.